Mai Gadin Kwamfuta da Idon Baffa

Kafin kwamfuta ta zo hannuna, shekara shida na yi ina buga wa mutane takardu da tafireta a gindin wata bishiyar maina a Fataskum. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya. Ba rashin hali ne ya fitar da ni ba, na dai ga kamar na kamo malaman ne a sani, sai na bar musu makarantarsu. Tsohon akawun da ya koya mini aikin ya kafa mini doka guda: duk takardar da na buga, in karanta wa mai ita sau biyu da babbar murya kafin in miƙa masa. Yawancin masu zuwa ba su yi boko ba, Hausar ma wani da Ngizimanci ya tashi, wani da Bolanci, wani da Fillanci. In ba ka karanta masa ya ji sosai ba, gobe zai dawo ya ce ka sa abin da bai faɗa ba. Wannan dokar ita kaɗai na riƙe a wancan zamani ban taɓa karyawa ba, kuma Allah ya ba ni murya irin ta mai shela.

A bazarar 1999 kawuna ya sayo kwamfuta ta hannu daga Kano, ya kama shago a bakin hanyar kasuwa, ya ɗora ni a kai. Tare da ita aka turo wani injiniya ya haɗa wayoyi. Da ya gama sai ya fito da wasu ƙananan faifai baƙaƙe masu kusurwa huɗu, waɗanda ake kira diskit, ya riƙa zura su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce yana sa mata mai gadi ne. Akwai cuta da ke shiga kwamfuta ta faifan mutane ta lalata rubutu, akwai kuma wata iri mai leƙen asiri, wadda ke ɓuya tana tattara duk abin da aka buga don wanda ya aiko ta. Wannan mai gadin yana da jerin sunayensu, yana tare su. Ya ƙara wasu bayanai masu tsawo, amma ni daga “leƙen asiri” kunnena ya tsaya. Tun yana magana nake tsara allon da zan sa a rubuta.

Kwana uku bayan nan allon ya hau saman ƙofa da jan fenti: SIRRINKA A KULLE, KWAMFUTARMU TANA DA MAI GADI.

Don in yi wa mai gadin adalci, ya yi aikinsa. Wata rana wani malamin makaranta ya kawo faifansa a buga masa tambayoyin jarrabawa. Ina zurawa kwamfuta ta yi ƙara, wani jan akwati ya fito a fuskarta, ta ƙi buɗe komai. Malamin ya ce shi ba ya son faifan kuma, na jefa shi cikin durowa. Wata guda na yi ina ba da labarin nan. A makon farko cuta aka kama. Kafin wata ya ƙare ya zama ɗan leƙen asirin da aka turo daga ƙasar waje don ya sace jarrabawar 'yan aji biyar na firamare.

Shagon ɗaki ɗaya ne, ƙofa a gaba, taga a gefe. Wuta ba ta zama, don haka ƙaramin janareta muke tayarwa a bakin ƙofa, in yana aiki ba ka jin maganar na kusa da kai. Tagar kullum a buɗe take saboda zafi da hayaƙi. A ƙarƙashinta daga waje wani Babarbare mai wankin hula ke zama da katakan da yake kifa huluna a kai. Dillalan kara, wato kasuwar shanu, su ne manyan masu kawo masa aiki.

Baffa ya zo ranar wata Alhamis bayan la'asar. Dattijo ne Bafulatani da ya bar kiwo ya zauna a unguwar Dogo Nini, ya fi shekara talatin yana dillancin shanu. An san shi da ido. Daga nesa zai hango sa ya ce wannan ba zai kai Kurmi da ƙafarsa ba, kuma haka za a yi. Akwai wani babban mai lodin tirela zuwa Kudu da ba ya sayen ko karsana sai Baffa ya duba. Ya zauna a kan benci ya jira har kowa ya watse, sannan ya matso da kujera kusa da ni.

Ya ce, “Malam akawu, an ce akwai rubutu a ƙofar nan.”

Na ce, “Akwai, Baffa.” Ban tambayi kaina me ya sa ya ce an ce ba, alhali allon ya kai faɗin tabarma.

“Wannan mai gadin, yana barci?”

“Ba ya barci, Baffa. Ba ya cin abinci, ba ya zuwa bayan gida, ba shi da surukai.”

Ya yi ɗan murmushi, ya sa bakinsa kusa da kunnena. Ya ce yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Na dama ya tafi tun bara, na hagu kuma kamar ana kallo ta cikin kunu. Wata bakwai ke nan da hannu yake duba shanu: ya shafa doro, ya matsa haƙarƙari, ya saurari takun kofato da numfashi. Mutane sun ɗauka sabon salo ne na ƙwarewa. Ko 'ya'yansa ba su sani ba. Yana da ɗan wa a Kano, yana so a rubuta masa ya nemo likitan ido a asirce, ya je a yi aikin ya dawo a ce ziyara ya tafi.

“In kara ta ji,” ya ce, “na gama. Ba wanda zai ba makaho amanar shanunsa.”

Na buga wasiƙar da kyau, har na ƙara mata ado. Inda ya ce idonsa ya yi rauni, na rubuta cewa duniya ta zame masa kamar hazon asuba. Na ji daɗin wannan layin ƙwarai. Sai na gyara zama, na yi gyaran murya, na fara karantawa. Janareta na ruri a bakin ƙofa, na ɗaga murya na haye tasa. Ina cikin layi na uku Baffa ya ja hannun rigata. Na ce a raina tsoho bai ji ba, na koma farko na ƙara ƙarfi. Ya sake ja. Na rage sauri, na riƙa fitar da kalma ɗaya-ɗaya kamar mai kiran wani a tsallaken kogi. A ja na uku na kai layin hazon asuba, na maimaita shi don ya ji daɗinsa. Daga nan bai sake taɓa ni ba. Na gama, na karanta karo na biyu kamar yadda aka koya mini, na linke takardar na sa a ambulan, na liƙe da kaina. Har na nuna masa yadda na goge ta daga kwamfuta, ya kalli wajen da nake nunawa ya ce madalla.

Laraba ce ranar kara. Ranar Alhamis ta gaba, mako guda cif, Baffa ya dawo. Bai jira kowa ya tafi ba don babu kowa. Ya zauna ya jingina sandarsa.

“Malam akawu, magana ta fita.”

Ya ce jiya mai tirela ya gaishe shi da kyau, ya tambayi iyali, sannan ya wuce da wani dillali. Wani matashi kuma ya tsaya a gabansa ya ɗaga yatsu ya ce, Baffa, nawa ne nan? Aka yi dariya. Ya faɗi wannan duka ba tare da muryarsa ta canja ba, kamar labarin wani yake bayarwa.

Na rantse ban faɗa wa kowa ba, kuma a yadda na fahimci faɗar magana a lokacin, gaskiya na rantse. Na ce lallai wani abu ne ya shiga kwamfuta. Na kunna mai gadi na sa shi bincike. Muka zauna muna jira, wani shuɗin layi yana tafiya a hankali daga hagu zuwa dama. Ya kai kusan rabin sa'a. A ƙarshe ya rubuta cewa ya duba ko'ina bai sami komai ba.

Baffa ya ce, “Me ya ce?”

Abin da na yi bayan wannan tambayar shi ne dalilin rubutun nan. Na tuna allon da ke ƙofa, na tuna bakin da na cika a gari, na kuma tuna cewa mutumin da ke zaune kusa da ni ba ya ganin fuskar kwamfuta. Na ce masa bai gama ba. Na ja durowa a hankali, na zaro faifan malamin makarantar nan, na zura. Kwamfuta ta yi ƙara, jan akwati ya fito.

Na ce, “Ka ji, Baffa? An kama shi.”

Ya ce, “To, an gode wa mai gadi. Sai dai ya makara.” Ya ɗauki sandarsa ya fita, na bi shi da ido har ya hau acaɓa.

Abin kunya shi ne kafin magariba na fara yarda da ƙaryata. Na shaida wa kawu cewa an yi mana kutse, mai gadinmu ya tsufa, a kira injiniya ya kawo sabo. Bayan kwana goma ya zo da faifan sabon jerin sunaye. Na ba shi labari a gaban kawu, ban ambaci sunan Baffa ba, ban kuma ambaci durowa ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya zagaya bayan kwamfuta ya ɗaga wayoyinta.

“Wannan ta wuta ce. Wannan ta firinta, mai fitar da takarda. Ina wayar tarho?”

Na ce ba mu da tarho.

“To ta ina ɗan leƙen asirin zai fitar da maganar? Ko acaɓa yake hawa?”

Kawu ya yi dariya, ni ban yi ba. Injiniya ya duba abin da mai gadi ya rubuta ranar da ya yi ƙara. Ya ce wannan tsohuwar cuta ce, rubutu kawai take ɓatawa, ba ta ɗaukar komai ta kai wa kowa, kuma a faifai take, ba ta ma shiga ciki ba. Ya ce shi mai gadin abin da ke cikin jerinsa yake kamawa, shi ya sa ake sabunta masa jerin, in an bar shi sabuwar cuta za ta wuce ta gabansa bai sani ba. Amma a kwamfutar da ba a haɗa da komai ba, magana ba ta fita sai wani ya ɗauke ta a faifai, ko a takarda, ko a baki.

Na ce takarda a ambulan ta fita, faifai ba wanda ya taɓa, baki kuwa na riga na rantse.

Ana cikin haka wata tsohuwa daga Gadaka ta shigo a buga mata wasiƙa zuwa ga ɗanta soja. An ɗauke wuta, na tayar da janareta. Injiniya ya karɓi buta ya fita alwala. Na buga, na karanta mata sau biyu, ta sa mini albarka ta tafi. Sai ga injiniya ya dawo yana sharce ruwa daga gemu.

Ya ce, “Akuyar da ta haifi biyu, ɗayan ya mutu ko? Allah ya mayar da alheri. Shi kuma sojan ya daina aiko atamfa mai ruwan ganye, ba ta sonta.”

Na ce, “A ina ka ji?”

“A tsallaken titi, wajen famfo. Mai gyaran taya ma ya ce a yi mata jaje.”

Kawu ya dafe ciki yana dariya har hularsa ta faɗi. Ni kuwa sai na ji kamar ana jan hannun rigata. Na tashi na zagaya ƙarƙashin taga wurin mai wankin hula. Na tambaye shi ko ya ji wasiƙar wani dattijo ranar wata Alhamis.

Ya ce, “Ta hazon asuba? Ai na haddace ta. Wallahi ka iya rubutu.”

“Kai ka kai ta kara?”

“Ni kara me zan je yi? Dillalai ne suka zo karɓar hulunansu ran Talata, na ce su gaida mini da bawana Bafulatani, su ce ubangidansa zai saya masa ɗan jagora.” Ya dube ni ya ga fuskata, ya ajiye hular da ke hannunsa. “Sirri ne?”

Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, duk abin da ɗaya ya samu a kan ɗaya sai ya tsokane shi da shi a bainar jama'a, ba a fushi. Shi da Baffa shekara ashirin suna yi. Ya ce in da a raɗa ya ji, da ya binne ta. Amma abin da aka karanta sau biyu da muryar da ta danne janareta, shi ya ɗauka sanarwa ce.

Kwana tara na yi ina shirin zuwa Dogo Nini. Rana ɗaya na kai har bakin layinsu, na tsaya na sayi rake, na juyo. Na tsara jawabai iri-iri, a cikin kowanne janareta ne ke da kaso mafi girma na laifin. A rana ta goma na je da hantsi. Na same shi a zaure a kan buzu yana murza igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya gane muryata tun daga sallama, abin da ba zai ba kowa mamaki ba a Fataskum.

Jawaban duk suka gudu. Na ce, “Baffa, ba kwamfuta ba ce. Ni ne. Da na karanta maka, na waje sun ji.”

Ya ci gaba da murza igiyarsa. “Na sani. Sau uku na ja rigarka.”

“Me ya sa ba ka ce in yi shiru ba?”

“Ina shagonka, kana aikinka, in ce maka rufe baki? Ba a koya mana haka ba. Kuma kafin in yi tunani ka riga ka kai hazon asuba.”

Na sunkuyar da kai. Saura ɗaya, kuma na so in tashi da ita a cikina. Na ce, “Ranar da ta yi ƙara ɗin nan kuma…”

“Durowarka tana kuka in an ja ta,” ya ce. “Ka sa mata mai.”

Na roƙe shi gafara. Ya ce ta farko ba komai, wauta ce, kuma shi ma ya ga tagar a buɗe, ko dai ya ji iskarta. Ta biyun ce ta yi masa ciwo, don a kara matashi ne ya ɗaga masa yatsu, a shagona kuwa mutumin da ya ba amana ne ya yi. Ya ce ya yafe. Sannan ya sa aka kawo mini fura da nono, ya zauna yana saurare har na shanye.

Tunda kowa ya sani, Baffa ya tafi Kano a fili, babban ɗansa ya raka shi. Aka yi wa idon hagu aiki ya buɗe, na dama an ce ya wuce gyara. Ya yi wata biyu bai shiga kara ba. Ni kuma na sauke allon. Kawu ya ce katako ne mai kyau ba za a yar ba, ya sa kafinta ya buga shi a tagar ya toshe ta, rubutun yana kallon ciki. Na yi shekara huɗu ina aiki a ɗakin nan cikin zafi, ina karanta wa mutane wasiƙunsu a kunne bayan na kashe janareta, jan fentin yana kallona. Mai gadi kuwa duk bayan 'yan watanni a kawo masa sabon jeri, ya kama cututtuka da dama a faifan ɗalibai, ban taɓa samunsa da laifi ba.

Wata Laraba bayan damina na rufe shago na tafi kara, ban gaya wa kowa dalili ba. Na hango Baffa da wani tabarau mai kauri, hannunsa a kan doron wani ɗan maraƙi, yana yi wa wani manomi bayani. Masu sayen ɗaya ko biyu sun dawo masa. Mai tirela yana can gefe da sabon dillalinsa ana kora masa bijimai zuwa wurin lodi, bai dawo ba, har Baffa ya bar duniya bai dawo ba. Na tsaya a bayan wata mota ina kallo har rana ta take, ban ƙarasa ba.

Bai sake kawo mini wasiƙa ba. Amma duk Talata yana zuwa karɓar hularsa wurin mai wankin hula, in jiyo su ta bayan katakon suna musu a kan wane ne bawan wani. In sun gama sai ya leƙo ta ƙofa ya ce, “Malam akawu, ya mai gadi? Yana nan lafiya?” Ni kuma in ce lafiya lau, Baffa, da muryar da sai ya matso kafin ya ji.